Zato da Rufin Asiri: Wa Ke da Ikon Cewa a Buɗe Ƙofa?

Gabatarwa

Akwai ɗabi'u biyu da Bahaushe ya riƙe da hannu biyu a zamansa da jama'a. Ta farko ita ce girmama rufin asiri. Idan dattijo zai yi wa yaro addu'a, da wuya ya shafa bai ce Allah Ya rufa asiri ba, kuma idan aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana ci yana sha, yana tufatar da iyalinsa, ba wanda ya san cikinsa. Ta biyu ita ce ƙyamar zato. Tun muna ƙanana ake gaya mana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Waɗannan ɗabi'u suna tafiya tare lami lafiya: ni ba na leƙa ɗakinka, kai kuma ba ka ƙaga mini abin da ba ka gani ba.

To, amma akwai inda suke karo da juna. Mu ɗauka cewa abin da ake zaton maƙwabci ya ɓoye a bayan katangarsa yana iya cinye gari dukansa. Mu ƙara da cewa maƙwabcin nan ya daɗe da yanke hulɗa da mutane, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, kuma ya rantse ba mai taka masa zaure. Shin a bar shi da asirinsa, ko a bi zato a fasa masa gida? Wannan ita ce matsalar da duniya ke fama da ita duk lokacin da tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton wani rami ko wani gini a ƙasar da aka mayar saniyar ware, aka ce wataƙila a nan ake haɗa makaman ƙare dangi. Maƙasudin wannan rubutu shi ne duba wannan tambaya ta fuskar adalci. Mai karatu zai ga cewa maganar ba ta yi nisa da mu ba kamar yadda ake tsammani, domin ta taɓa Nijar, ta taɓa Zariya, kuma inuwarta tana nan a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe da ta Gusau zuwa Bunguɗu.

Ina Iyakar Asiri?

Ginin gidan Bahaushe kansa darasi ne a kan asiri. Baƙo iyakarsa zaure. Abin da ke cikin rumbu, mai gida ne kaɗai ya san yawansa, kuma rashin kunya ne a tambaye shi dami nawa ya samu bana. Al'ada ta ba shi wannan kariya ne saboda ko rumbun cike yake ko wayam, shi da iyalinsa abin ya shafa.

Amma a ce mutum ya jibge gangunan fetur a ɗakin da ke jingine da ɗakin 'ya'yan maƙwabcinsa. Nan take magana ta sake. Ba mai unguwar da zai ce asirinsa ne, a ƙyale shi, domin wuta ba ta san katanga ba. Daga nan za mu iya fitar da ƙa'ida: asiri na mai shi ne muddin illarsa ta tsaya a kansa. Da zarar illar za ta iya tsallake katanga, waɗanda ke bayan katangar sun sami rabo a cikin maganar.

Mu a Zamfara mun ga gaskiyar wannan ƙa'ida da idonmu. A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Duwatsun zinariya ne ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Kowane mai gida a cikin gidansa yake sana'arsa, bai shiga gidan kowa ba, amma ƙura ta bi iska da ruwa da ƙafafun mutane ta shiga gidajen da ba su taɓa ganin zinariya ba.

Makamin nukiliya ya fi haka nesa ba kusa ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, watau hamadar da iskar hunturu ke ratsowa kafin ta iso mana. Da ta yi gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairu 1961. Hujjar Nijeriya a lokacin ita ce hujjar maƙwabcin mai gangunan fetur. Saboda haka duk ƙasar da ta ce abin da take yi da nukiliya harkarta ce ta cikin gida, ta faɗi abin da hankali ba zai karɓa ba.

Dalilin da Zato Ba Ya Ƙarewa

Kafin mu ci gaba ya kamata mu san abin da ya sa zato ya yi wa wannan fanni katutu. Yuraniyam da ake haƙowa daga ƙasa, ɓangarensa mai kama wuta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi da waɗansu injuna masu juyawa da tsananin gudu. Idan aka tace zuwa kashi 3 ko 5, ya isa a samar da lantarki. Idan aka ci gaba da tacewa zuwa kamar kashi 90, ya isa a haɗa bam. Injin ɗaya ne, aikin ɗaya ne, bambancin kawai inda aka tsaya. Wanda ke kallo daga sama yana iya ganin rufin gini da motocin da ke shiga da fita, amma ba ya ganin niyyar mai ginin.

Domin magance wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1968, ta fara aiki a 1970, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Ƙasashen da ba su da makamin suka yi alkawarin ba za su nema ba, kuma za su bar masu bincike na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya su riƙa shiga suna auna abin da suke da shi. Ƙasashe biyar da suka riga suka mallaka, watau Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, su kuma suka yi alkawarin shiga shawarwari da zuciya ɗaya domin kwance ɗamara. A taƙaice, duniya ta yarda cewa maganin zato shi ne gani, domin gani ya kori ji.

Zaton da Ya Zama Ƙarya

Misali mafi kusa da mu ya faro ne daga Jamhuriyar Nijar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, arewa da Agadas. A wancan gefe kuma ga Iraƙi ta Saddam Husaini, wadda takunkumi ya killace tun 1990. A watan Fabrairu 1999 jakadan Iraƙi a fadar Paparoma ya kai ziyara Yamai. Daga baya sai waɗansu takardu suka ɓulla suna nuna wai Nijar ta amince za ta sayar wa Iraƙi tan 500 na garin yuraniyam.

Amurka ta aiki tsohon jakadanta Joseph Wilson zuwa Yamai a watan Fabrairu 2002 ya bincika. Ya komo ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki, domin kamfanonin da ke haƙar suna ƙarƙashin kulawar Faransawa, kuma tan 500 kusan kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ƙasar ke fitarwa a shekara. Kaya irin wannan ba ya sulalewa a ɓoye kamar buhun gero. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba George Bush ya gaya wa majalisar ƙasarsa cewa Ingila ta sami labarin Saddam ya nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. Da takardun suka isa hannun Hukumar Makamashin Nukiliya, ba a daɗe ba aka gane jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad al-Baradi'i, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Bayan kwana 13 aka afka wa Iraƙi. A 2004 masu binciken da Amurka kanta ta tura suka ba da rahoto cewa Iraƙi ba ta farfaɗo da shirinta na nukiliya ba tun bayan 1991. Kafin ƙura ta lafa, fararen hula fiye da 100,000 sun halaka.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Ba haka kawai duniya ta saurari wannan zargi ba. Bayan yaƙin 1991 an gano cewa lalle Iraƙi tana da shirin bam na ɓoye, wanda ta gudanar shekara da shekaru tana cikin yarjejeniya, masu bincike suna zuwa suna komawa ba su sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙaryar da gwamnatin Iraƙi ta yi da fari ita ta share wa ƙaryar da aka yi mata fage daga baya, talakawanta kuma suka biya bashin duka biyun.

Zaton da Ya Zama Gaskiya

Da a nan labari ya tsaya, da sai mu ce a daina zato kowa ya huta. Amma tarihi bai yi mana wannan sauƙi ba. Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata ƙasa ce da duniya ta juya wa baya. A watan Agusta 1977 tauraron ɗan'adam na Tarayyar Sobiyet ya hango wani wuri a hamadar Kalahari da ya yi kama da filin gwajin bam. Gwamnatin ƙasar ta musanta. Sai ranar 24 ga Maris 1993 Shugaba de Klerk ya tsaya gaban majalisa ya ce sun ƙera bama-bamai shida, kuma sun riga sun wargaza su. Ashe masu zato ne ke da gaskiya.

Haka nan Koriya ta Arewa. Ta shiga yarjejeniya a 1985. Da masu bincike suka fara aiki a 1992, sai suka ga lissafin da ta bayar bai yi daidai da abin da awonsu ya nuna ba. Suka nemi duba waɗansu wurare biyu a Yongbyon, ta hana. Ta kori masu binciken a watan Disamba 2002, ta fice daga yarjejeniyar a Janairu 2003, ta gwada bam ɗinta na farko ranar 9 ga Oktoba 2006, kuma zuwa Satumba 2017 ta yi gwaji shida. A watan Nuwamba 2010 da kanta ta nuna wa wani masanin Amurka, Siegfried Hecker, wani zaure mai injunan tace yuraniyam kimanin 2,000 wanda duniya ba ta da labarinsa.

Amma ko a wannan ƙasa, zato ya taɓa faɗuwa ƙasa warwas. A 1998 Amurka ta haƙiƙance cewa wani babban rami da ake haƙawa a Kumchang-ri masana'antar nukiliya ce. Aka yi ta ciniki har aka bar jami'anta suka shiga a watan Mayu 1999. Abin da suka tarar shi ne ramuka wayam. Da an yi wa wurin ruwan bama-bamai a kan hoton da aka gani daga sama, da wataƙila an tayar da yaƙi a kan ramin da ba kome a ciki.

Matakai Uku

Abin da waɗannan labarai ke koya mana shi ne zato ba ya zuwa da tambari a goshi. Zaton da aka yi wa Afirka ta Kudu da wanda aka yi wa Iraƙi a 2003, a ranar da ake yin su kamarsu ɗaya: hotuna, da rahoton 'yan leƙen asiri, da musun wanda ake zargi. Mai zato ba shi da hanyar da zai san ko nasa na gaskiya ne, sai ya je ya gani. Ina ganin ma'anar karin maganar nan ke nan da ke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wanda ya hukunta mutum a kan zato, daga baya ta bayyana mutumin mai laifi ne, sa'a ya yi, irin ta makahon da ya jefa dutse ya sami tsuntsu. Gobe zai sake jefawa ya sami yaro.

Saboda haka ya kamata a rarrabe matakai uku: zato, da bincike, da hukunci. Zato mai dalili yana ba mutum ikon tambaya da neman a nuna masa, kuma iyakarsa ke nan. Bincike aikin wanda ba shi da rabo a cikin rigimar ne. Hukunci kuwa ba ya halatta sai bayan bincike. A gaban alƙali ma haka abin yake: mai ƙara ke kawo shaidu, kuma ba a barinsa ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma dogari. Laifin 2003 shi ne an yi bincike, bincike ya ba da amsa, aka take amsar aka wuce zuwa hukuncin da aka riga aka yanke.

Shi ma wanda ake zargi yana da nasa nauyi. Tun da mun yarda illar abin tana tsallake katanga, ba shi da ikon cewa ba mai shiga, balle idan ya sa hannu a kan alkawari. Ƙin buɗe ƙofa laifi ne mai zaman kansa, ko da ɗakin wayam yake, domin ya bar maƙwabta cikin fargabar da yake da ikon yaye musu.

Idan Ya Ƙi Buɗewa Fa?

Nan ne wani zai ce: to, malam, mun ji. Amma idan ya ƙi fa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mu naɗe hannu har sai ya gama ƙera abin da zai hallaka mu? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata amsar wasa. Lalle wanda aka hana shi gani yana da ikon yin rigakafi: ya ƙi sayar wa maƙwabcin kayan aikin, ya tsare kan iyakarsa, ya shirya kare kansa. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata ya auna.

Na farko, farmaki ba ya kashe ilmi. A watan Yuni 1981 Isra'ila ta ragargaza tashar nukiliyar Iraƙi ta Osirak. Abin da ya biyo baya shi ne shirin ɓoyen nan da aka gano bayan shekara goma. An rushe ginin da ake iya gani, aka tura aikin inda ba a gani.

Na biyu, a duba a kan wa hukuncin zai sauka. Wanda ya yanke shawarar ɓoyewa yana fada, wanda takunkumin abinci da mai da magani ke fara kayarwa kuwa yana ƙauye, kuma shi ma ba a gaya masa abin da ke cikin ramin ba. Mutanen Koriya ta Arewa da yunwa ta kashe da dubban ɗaruruwa a shekarun 1990 ba a shawarce su a kan bam ba. Mu kanmu mun ɗanɗani abin da ya yi kama da wannan. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, domin a ƙuntata wa 'yan bindigar da ke cikin daji. Manufar abin fahimta ce, kuma mutane da yawa sun goyi baya. Amma mai sayar da awaki a kasuwar ƙauye, da matar da naƙuda ta kama da dare ba wayar da za a kira mota, da ɗalibin da ke jiran saƙon kuɗi daga gida, duk sun ɗauki kason hukuncin da ba su yi laifinsa ba. Wanda ya rayu a waɗannan makonni ya san cewa killace ƙasa dukanta ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a yin sa sai da awo da wa'adi.

Na uku, a tambayi abin da ya sa yake ɓoyewa. Galibi tsoro ne. A lokacin gubar dalma, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun ba da labarin cewa waɗansu ƙauyuka sun yi nauyin bakin faɗin mutuwar 'ya'yansu, don gudun kada gwamnati ta hana su haƙar da suke ci da ita. Abin da ya buɗe ƙofofi shi ne zuwan mutane da magani da motocin kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Ita ma Afirka ta Kudu ba ta wargaza makamanta ba sai da aka yi sulhun 1988 da ya sa sojojin Kyuba suka fara barin Angola, barazanar Sobiyet kuma ta gushe. A ɗaya gefen, Libiya ta miƙa shirinta a watan Disamba 2003, a 2011 kuwa jiragen ƙawancen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi. Hukumomin Koriya ta Arewa sun sha kafa hujja da wannan. Duk wanda ya sa buɗe ƙofa ya zama hanyar halaka, shi ya koya wa sauran su ƙara sakata.

Hannun Mai Bincike

Saura magana ɗaya da ba ta ɓoyuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙasashe biyar da suka yi alkawarin neman kwance ɗamara har yau suna riƙe da makamansu, kuma su ne masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu da ke sa takunkumi. Isra'ila ba ta shiga yarjejeniyar ba, kuma ko bayan da ma'aikacin tashar Dimona, Mordechai Vanunu, ya fallasa abin da ke ciki a 1986, ba a killace ta yadda aka killace Iraƙi ba. Wannan rashin daidaito ba ya wanke mai ɓoye bam, kamar yadda cin hancin ɗan sanda ba ya halatta sata. Amma yana rage wa doka kwarjini, yana ba kowane mai taurin kai abin faɗa. Wanda ke son a buɗe masa ƙofa, maganarsa za ta fi shiga idan tasa a buɗe take.

Buɗewar kuwa ba ta rage mutuncin kowa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai 'yar ƙaramar tashar nukiliya ta bincike, wadda Sin ta gina, ta fara aiki a 2004. Da fari tana aiki ne da yuraniyam da aka tace zuwa kashi 90, kimanin kilo ɗaya. A 2018, tare da haɗin gwiwar Hukumar Makamashin Nukiliya, aka musanya shi da wanda bai kai ƙarfin yin makami ba, aka mayar da tsohon Sin a watan Disamba. Masana suna ci gaba da aikinsu, ba kuma wanda ke kwana da fargabar Zariya. Nahiyarmu ma ta ɗauki wannan hanya da yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin nukiliya a Afirka. An kuwa raɗa mata sunan wurin da Afirka ta Kudu ta yi aikinta na ɓoye.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta shugabannin ƙasashe ce kaɗai. A garuruwanmu na Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau, kalmar infoma ta zama abin tsoro ta fuska biyu. Gaskiya ne akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma asirinsu ya ci rayuka, saboda haka ba su da wani rufin asiri da za su fake da shi. Gaskiya ne kuma an kashe mutane ba tare da sun ga alƙali ba, saboda wani ya nuna su da yatsa, ko saboda yarensu, ko saboda an ga sun yi sabon babur. Tsakanin mai riƙe da takardar jabu a Majalisar Ɗinkin Duniya da mai nuna yatsa a bakin kasuwa, bambancin na girman ɓarna ne, amma kuskuren iri ɗaya ne: tsallake bincike daga zato zuwa hukunci.

Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Duk wanda wutar za ta iya ci yana da ikon cewa a buɗe ƙofa, kuma wajibi ne mai ɗaki ya buɗe. Wanda zai shiga ya duba ya zama ba mai ƙara ba ne, kuma abin da ya gani shi za a bi, ko ya yi wa mai zato daɗi ko bai yi ba. Wanda ya buɗe kuma a tabbatar masa da amincinsa, domin na gaba ya ga amfanin buɗewa. Mu ɗalibai, da yawanmu gobe za mu zama alƙalai da hakimai da jami'an tsaro da 'yan jarida, kuma za a kawo mana hoto ko takarda ko raɗa a ce mu yi sauri kafin lokaci ya ƙure. A wannan rana ya kamata mu tuna da sa hannun ministan da ya bar aiki shekara 11 kafin a rubuta wasiƙarsa, mu tambaya: wa ya je ya gani?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wani a kan zato.